Tukunyar Bayan Labule

Da sunan Allah nake farawa, gafararsa kuma nake nema. Wanda ya tsufa da aska a wuyan mutane, bakinsa kuma bai taɓa hutawa ba, ba ya rasa abin tuba. Karatuna bai wuce na allo ba, rabi a ƙasarmu, rabi a ɓoye a nan Bahiya, ƙetaren teku inda aka kawo mu bayi, saboda haka kada ku nemi zaƙin magana a takardar nan.

Sabo da Manu, yaran shagona, da ku nake. Na ji shawarar da kuka yanke ranar da kuka ɗauka barci nake yi a kan benci. Kun ce da zarar tsoho ya miƙa muku shago, labulen kusurwa za ku fara yayewa, ku jefar da tukunyar da ke bayansa, ku sa kujera ta biyu da babban madubi irin na shagunan Turawa a dandalin Largo do Teatro. Manu ya ce, "Wai shagon aski ne ko makewayi?" Sabo ya yi dariya har da bugun cinya. Idona ne ya dushe, 'ya'yan nan, kunnena yana nan da ransa.

A ganinku wanzanci kumfa ne da hira. Ni kan da na fara askewa na duma ne. Baba Gambo, mutumin Zazzau wanda ya fanshi kansa da askarsa, shi ya koya mini sana'a. Sai ya jiƙa duma ya miƙo mini. Duk inda na ƙarce duman, nan daidai zai ranƙwashe ni a kaina, wai don in san wurin. Na daɗe ina wasa aska a dutse, ina goga ta a fata, ina wanke ƙaho, ina canza wa matsattsaku ruwa a kwalba, kafin ya bar ni in taɓa ɗan Adam. Matsattsakun nan da kuke ƙyama, in sun ƙoshi da jinin wani sai ka barbaɗa musu toka su amayar, ka wanke su, gobe su hau wani. Ƙaho kuwa da bakinka za ka zuƙe iskar, ka toshe hujin da kaki kafin numfashinka ya ƙare. In ka yi sakaci, ka ɗanɗana jinin ɗan dako. Na ɗanɗana, ba sau ɗaya ba.

Haƙorin farko da na cire na wani mai dakon Turawa a kan kujera ne. Na kama da awartaki, na ja, na ciro mai lafiya na bar ruɓaɓɓen. Na ce masa ai wannan ne ke zuga wancan. Ya yarda, har ya gode. Tun ranar na gane cewa rabin sana'ar nan a harshe take. Astagfirullah.

Shekarar amai da zawo ita ce mummunar shekararmu. Mutum zai zo da safe da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya faɗa rami. Mu kuma abin da muka iya shi muka yi ta yi: tsaga jijiya. Mutum ya tsiyaye ba ruwa a jikinsa, mu kuma muna matse masa ɗan jinin da ya rage, baƙi, mai kauri kamar maɗi. A shekarar Baba Gambo ya tafi. Kafin ya cika ya bar mini wasiyya, ba ta addu'a ba ce. Ya ce, "Ciwo uku ne. Akwai mai kisa, ka guje shi kada a ce kai ne. Akwai mai warkewa da kansa, ka yi maza ka kafa ƙaho don a ce kai ne. Akwai mai zama, ba ya kisa ba ya tafiya. Wannan shi ne gonarka."

Gonata ita ce Ladi. Kun san ta, mai ƙosai, wadda ke shigowa ba sallama ta wuce bayan labule. Turawa Dumingas suke kiranta. Ubanta Audu abokin jirgina ne, sarƙa ɗaya ta haɗa ƙafarmu daga ƙasarmu zuwa nan, kuma annobar da ta ɗauke Baba Gambo ita ta ɗauke shi da matarsa. Don haka Baba take ce mini, ni kuwa ban yi mata abin da uba ke yi ba sai karɓar ladan ƙaho.

Tun tana budurwa ciwon ya kama ta a mara. In fitsari ya taru, ko cikin cokali ne, sai ta ji kamar an zuba mata garwashi a mafitsara. In ta zubar ta sami sauƙi na ɗan lokaci, kafin ta gyara ɗaurin zane ya dawo. Ba zazzaɓi, ba kumburi, ba abin da ido zai gani. Wani likita ya taɓa zura mata ƙarfe yana neman tsakuwa, bai sami ko yashi ba, ya ce ta rage tunani. Yarabawa, waɗanda nan ake ce wa Nago, suka ce ta tsallake wani abu a mararraba. Malamanmu suka ba ta rubutu ta sha, wanda shi ma ruwa ne, ruwa kuwa kun san inda yake sauka. Ita da kanta ta gano cewa gahawa da lemun tsami da barkono suna tayar mata da shi. Ku duba hukuncin Allah: mace ta rayu tana sayar da ƙosai da yajin da ya fi na kowa suna, ba ta isa ta lasa ba.

Talla take yi daga bakin ruwa a Água de Meninos har ta hau birnin sama, da farantin katako a ka. Wanda bai taɓa hawan tudun garin nan da mara cike da wuta ba, kada ya yi magana. Ta san kowane lungu, kowane kango, kowane gida da kuyangarsa ke da tausayi. Ni na raɗa mata Tsugunau. Wata rana ce shago ya cika, na hango ta ta aje faranti ta ruga lungu, na faɗa don a yi dariya. Aka yi. Sunan ya bi ta har yara suna rera shi. Ni kuwa duk mako ina kafa mata ƙaho a ƙugu, ina gaya mata mugun jini ne, saura kaɗan ya ƙare. In an gama sai ta bi ta ƙofar baya zuwa ɗan lungun magudanar da ke bayan shagon a lokacin.

Ta auri Ojo, Bayarabe mai aikin jirgin dakon garin rogo, wanda ya fi daɗewa a kan ruwa bisa kan tudu. Aka daɗe ba haihuwa, sannan ciki ya zo. Ɗan ciki ya sami mafitsara ya mai da ita matashin kai. Watannin nan ba ta san barci ba, amma ba ta bar talla ba, don ciki ba ya biyan haya.

Wata safiya ta shigo, fuskarta kamar toka, ta dafa bango. Ojo yana ƙetaren ruwa. Ina cikin gyara wa wani gemu, mutane a jere a benci.

Ta ce, "Baba, na yau daban ne."

Na ce, "Na jiya ma daban ne. Na shekaranjiya ma kin ce daban ne."

"Yana zuwa yana komawa, har baya."

"To, ya koyi yawo kamar mai shi."

Benci ya ɗauki dariya. Dariya kuwa giya ce ga mai irin bakina, in na kurɓa sai na ƙara. Na ɗaga aska sama kamar mai huɗuba, na ce, "Matan ƙasarmu ko naƙudar fari suke yi, ba ka jin ko tari. Sai dai ka ji kukan jariri. Ke kuwa fitsari kawai ya sa kin hana unguwa sakat."

Ku tambaye ni inda na san naƙudar matan ƙasarmu. An sato ni ban yi gemu ba, kuma a can namiji ko inuwar ɗakin haihuwa ba ya takawa. Amma na faɗa kamar ni ne ungozomar Katsina. Ladi ta dube ni, ta ɗora farantinta ta fita.

Kwana biyu ba a ji ƙamshin ƙosai a titinmu na Ladeira da Praça ba. Na lura, amma don karin kumallona na lura. Da hantsin rana ta uku Iya Rosa, tsohuwar ungozoma Bayarabiya, ta faɗo shago ta cafki hannun rigata. Hausarta ta kasuwa ce, amma zagi ba ya buƙatar tafinta.

Ta ce, "Taso, mai bakin aska. Zo ka ga aikinka."

Ɗakin Ladi a ƙarƙashin wani gida yake, ba taga, sai ƙofa. Muka same ta a durƙushe, tsumma a tsakanin haƙoranta, ta tauna shi har ya zama zare. Maƙwabtan da katako kawai ya raba su da ita sun rantse ba su ji motsi ba. Ɗan ya kwanta a gicciye, hannunsa ne ya fito. Iya ta ce da tun ranar farko aka kira ta, da ta juya shi da hannunta kamar yadda ta saba. Yanzu ruwa ya tsiyaye, mahaifa ta damƙe shi, ba gaba ba baya.

Iya ta ce, "Ke 'yar nan, me ya hana ki ihu?"

Ladi ta cire tsumman, ta ce, "Baba ya ce matan ƙasarmu ko tari ba sa yi."

Na ruga wajen wani matashin likita da nake sayar wa matsattsaku. Ya zo da ɗalibansa biyu, ya duba, ya kara kunne a cikin, ya ce ɗan yana da rai. Bai ɓoye mata komai ba, kuma ita ta fi ni jin Fotugis, don a nan aka haife ta. Hanya biyu ce. Ko a daddatsa ɗan a ciro shi gunduwa-gunduwa, wataƙila ita ta tsira. Ko a farke cikinta a ciro shi da rai. Ya ce cikin matan da ya ga an yi wa haka, bai ga wadda ta tashi ba.

Ta ce, "A farke."

Ya sake maimaita mata, a zatonsa ba ta gane ba.

Ta ce, "Na ji. Tun ina budurwa nake roƙon wani ya buɗe wurin nan ya duba. Ka farke, ka ciro mini ɗana. Amma kafin ka ɗinke, ka leƙa mafitsarar, ka gaya mini abin da ke ci na."

Likita ya ce ba zai yanka mutum a duhun nan ba. Ina haske? Kun sani, wanzami ko bai da komai yana da taga. Aka ɗauko ta a kan ƙyaure, aka hau da ita tudu, aka ɗora ƙyauren a kan benci biyu a nan inda kuke tsayawa kuna gyara gashin baki. Rana tana tsaka. 'Yan kallo suka cika taga. Iya Rosa ta kwance zanenta na sama, na saƙi, ta tare kusurwa da shi, ta bi sauran da tsintsiya. Zanen nan shi ne labulen da Manu ya ce ya yi kama da tsumman goge ƙafa.

Aikina na farko aski ne, na aske mata mara, aka wanke da wani ruwa mai warin kwalta. Sai likita ya ciro wani siririn bututun azurfa. Ya ce dole a zubar da fitsari tukuna, in ba haka ba wuƙa za ta sami mafitsara a hanya. Ga kowace mace wannan ƙaramin abu ne. Yana zura shi Ladi ta saki ihun da ta tara na kwana biyu, har tantabarun rufi suka tashi.

Likita ya ja da baya, ya ce, "Ai ban fara ba."

Ta ce, "Ka fara. Nan ne. Nan nake gaya muku."

Ɗalibi ɗaya ya ɗiga mata ruwan sa barci a ƙyalle, ya rufe mata hanci, ta yi shiru. Aka ba ni tasa in riƙe, aka ce in aka buɗe in danne gefe ɗaya da tafin hannu. Na ce ba komai, ni da jini tare muka tsufa. Likita ya ja wuƙa daga ƙasan cibiya. Na ga fata ta buɗe, na ga kitse, na ga abin da Allah ya rufe don rahamarsa. Abin da na gani na ƙarshe shi ne wani abu ja mai sheƙi ya bulluƙo.

Na farfaɗo kumatuna a ƙasa, gemun mutane na safe ya manne mini a leɓe, Iya Rosa tana shurina a haƙarƙari. Ita ta karɓi gefen da aka ba ni. A samana wani abu yana tsala kuka.

Iya ta ce, "Tashi, namijin ƙasarku. Ko tari ba ka yi ba."

Mace ce aka samu. Ita ce Hassatu da ke riƙe wa uwarta kaskon suya yanzu, wadda Sabo ke gyara hula in ta wuce, yana zaton makaho ba ya jin ƙarar hula.

Da la'asar Ladi ta farka tana amai. Iya ta nuna mata jaririya, ta dube ta daga kai har ƙafa, ta taɓa hannun da ya kumbura, sannan ta juya wajen likita.

"Me ka gani?"

Mutumin kirki ne, bai yi mata ƙarya irin tawa ba. Ya ce ya duba iya abin da ake gani daga waje. Mafitsara ce ƙarama, ta ɗan yi tauri. Ba tsakuwa, ba ƙari, ba tsutsa.

Ta yi dariya har ta dafe ɗinkin. Ta ce, "Ashe ko an buɗe ba a gani. Na so ko ƙaya ce ka ciro mini, in rataya a wuya in riƙa nuna wa mutane."

Ba a iya sauka da ita ba, a kusurwar nan ta yi jinya, ni kuma na koma yin aski a bakin ƙofa. Zazzaɓi ya zo, ciki ya kumbura kamar ganga, ɗinki ya yi ruwa. Likita yana zuwa safe da yamma da bututunsa, kuma ta fi tsoron bututun bisa ga mutuwa. Ranar suna na aske kan jaririya, ban san ko marainiya nake yi wa ba. Ojo ya dawo daga ruwa ya zauna a dokin ƙofa kamar an dasa shi. A cikin wannan hali Ladi ta ce kada a sake zura mata azurfar nan, a kawo mata tukunya. Likita ya ce in ta motsa za ta farke. Ta ce a bar ta ta farke. Iya ta riƙe kafaɗa ɗaya, Ojo ɗaya, ni aka bar ni da abin da na cancanta: in kawo tukunya, in kai ta bakin teku in zubar, in wanke, in dawo. Ita kuma ta gaya mana abin da ke kwantar mata da shi, bulo mai ɗumi a naɗe cikin tsumma a ɗora a mara. Shekara da shekaru ta san wannan. Ban taɓa tambaya ba, don bulo ba shi da lada.

Allah ya tashe ta. Likita ya yi ta kawo abokansa su ga tabon. Matan unguwa, waɗanda 'ya'yansu ke rera Tsugunau, suka yi ta zuwa da kunu, suna leƙa cikin suna salati: "Sannu Ladi, kin ga lahira kin dawo."

Ta ce, "Wannan? Wannan ai ya warke. Wanda kuke yi wa dariya yana nan inda kuka bar shi."

Haka ne kuwa. Wuƙa ta ciro 'ya, ta bar ciwo. Har yau yana nan, wata rana ya lafa, wata rana ya hana ta miƙewa. Da ta koma talla na ɗauko ƙaho, na ce daga yau kyauta zan riƙa kafa mata. A zatona na yi abin kirki.

Ta ce, "Baba, mai da kayanka zabira. Ƙahonka bai taɓa yi mini komai ba sai tabo."

Na ce, "To me ya sa kike zuwa duk mako?"

"Lungun bayan shagonka. Daga gindin tudu zuwa birnin sama babu wani wurin da mace za ta tsuguna ba a jefe ta ba. Ƙaho kuɗin ƙofa ne."

Ga gonata, ga abin da na shuka. A lokacin mai gidan da nake haya ya riga ya toshe lungun da bango, saboda haka labule ya zauna, tukunya ta zauna. Cikin duk kayan da ke shagon nan, aska da ƙaho da awartaki da kwalbar matsattsaku, ita kaɗai ce na tabbata ta taɓa yi wa mai wannan ciwo magani. In babu ita Ladi ba za ta iya hawo tudun nan da faranti ba, kuma masu sayen ƙosanta a sama suke.

Ban so in roƙe ku ba, don roƙon tsoho ba ya wuce arba'in ɗinsa. Da safen nan, kuna kasuwa sayen sabulu, ta shigo kamar kullum. Da ta fito na gaya mata shawararku, har da madubi. Na zaci za ta yi kuka, har na shirya kalmomin lallashi.

Ta ɗaure zane, ta ce, "Su yaye mana."

Na ce, "Ke kuma fa?"

"Ni me? Baba, labulen nan ba don ni aka rataya shi ba, don ku ne. Ni da likita da ɗalibansa suka ga hanjina da rana tsaka, me ya rage in ɓoye wa Manu? Kusurwar nan na saye ta da jinina. Da labule ko ba labule, da tukunya ko ba tukunya, nan zan tsuguna. Ka ce su sayi madubin babba, mai aski ya gani ta gaba ya gani ta baya."

Ta aje mini ƙosai a ganye, ta ɗora farantinta, ta fita.

To, shago naku ne bayan Sallah, ba zan tashi daga kabari in hana ku komai ba. Na dai san matar nan tun tana goye, ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta aikata ba. Allah ya yafe mini bakina, ya ba ku kunnen da bai ba ni da wuri ba.

Manu, tukunya ta cika. Yau kai ne da bakin teku.